Lahadi a Jidda: gyaran rigar nutso da ta yage

Yau Lahadi ba mu fita teku ba, domin masu zuwa nutso sun fi cika jirgi ranar Juma'a da Asabar, tun da aka mayar da hutun ƙarshen mako zuwa waɗannan ranaku a shekarar 2013. Saboda haka na kwaso kayan da suka lalace daga jirgin ruwan da nake aiki a Abhur, bakin teku a arewacin Jidda, na kawo su gida domin in duba su a tsanake. Wadda ta fi damuna ita ce rigar nutso mai kaurin milimita 3 da ta yage a gwiwar dama jiya, lokacin da wani sabon ɗalibi ya kasa daidaita jikinsa a ƙarƙashin ruwa har ya gogi dutsen murjani. Yagar ta kai tsawon ɗan yatsa, kuma ta ratsa robar har ciki.

Wanda bai san Bahar Maliya ba zai ce me ake yi da riga a ruwa mai ɗumi irin namu, wanda ko a wannan wata na Janairu yana wajen digiri 25 zuwa 26. Amma ruwa ya fi iska saurin zuƙe zafin jiki nesa ba kusa ba, kuma mutumin da ya yi kusan awa guda a ƙasa, sannan ya fito iskar arewa ta buge shi, haƙoransa har kaɗawa suke yi. Rigar ba ta hana ruwa shiga. Ɗan kaɗan take bari ya shiga ya tsaya, ita kuma robar, da ake kira niyofirin, cike take da ƙananan kumfar iska waɗanda ke tare zafin. Idan ta yage, sabon ruwa ya riƙa kwarara ta wajen ke nan duk lokacin da mutum ya motsa ƙafa, ga kuma fata a buɗe ga murjanin wuta, wanda ke sa fata raɗaɗi idan ya taɓa ta.

Tun daren jiya na wanke ta da ruwan famfo na juya cikinta waje na shanya a inuwa, domin gishirin tekun nan ya kai kusan kashi 4 cikin ɗari, ya fi na yawancin tekuna, kuma gam ba ya kama wurin da ke da gishiri ko laima. Laimar Jidda kuwa ba ta barin abu ya bushe da wuri, sai da na kunna mata fanka har hantsi.

Ina cikin jujjuya ta Kawu ya hawo daga shagonsa na ɗinki da ke ƙasan gidanmu. Ya karɓa, ya matsa robar da yatsunsa, ya ce, "Ɗana, kawo in bi ta da keke, kafin ka gama shan shayi na miƙo maka." Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, wannan ba yadi ba ne. Idan allurar keke ta ratsa ta, kowane huji ƙofar ruwa ne, kuma jerin hujin zai zama kamar layin da ake yagar takardar rasit a kansa." Bai ji daɗi ba, domin mutum ne da ya tsufa a kan keke, amma ya ja kujera ya zauna, yana tambayar wanda ya ƙago irin wannan tufa. Na gaya masa cewa kamfanin DuPont na Amurka ne ya samar da robar a 1930, sannan wani masanin kimiyya mai suna Hugh Bradner ya yi rigar nutso da ita a 1952. Rigunan farko ba su da shafin nailan a jikin robar, sai an barbaɗa hoda kafin a saka, kuma ba su da wuyar yagewa.

Na goge bakin yagar da sifirit, na lanƙwasa gwiwar a kan kwalba domin yagar ta buɗe baki, na datse zaren nailan da suka tsittsinke da ƙaramin almakashi. Sannan na buɗe taga, saboda warin baƙin gam ɗin niyofirin yana hawa kai, na ɗebo kaɗan da tsinke na shafa a kaurin robar na ɓangarorin biyu, ba a samanta ba. A nan ne yawancin mutane ke ɓata aiki, domin suna haɗa bakin tun gam yana jiƙe. Sai an bar shafin farko ya sha iska wajen minti biyar, a ƙara na biyu, a jira har ƙyallinsa ya dusashe, ya zama idan an taɓa yana ɗan kama yatsa amma ba ya biyo shi. Daga nan na fara haɗawa daga ƙarshen yagar zuwa tsakiya, baki da baki, ba tare da ɗora wani a kan wani ba, ina matsawa da babban yatsa da manuniya. Da zarar sun haɗu babu sauran gyara zama. Masu ɗiga gam ɗin nan mai bushewa nan take kuwa ɓarna suke yi, domin yana sandarewa, kuma ranar farko da aka lanƙwasa gwiwa zai tsage ya tafi da robar da ke gefensa.

Gwiwa wuri ne mai shan ja, gam kaɗai ba zai daɗe ba, don haka bayan sallar la'asar na sauka shago na ce, "Kawu, yanzu aikin ya zo hannunku." Na bayyana masa cewa ana son ɗinkin da zai shiga rabin kaurin robar ya fito ta gefen da ya shiga, kada ya ɓulla ɗaya ɓangaren. Ya yi murmushi ya ce ai kalmasar da ba a ganin zarenta ta waje tun yana yaro yake yinta. Ya ɗauko lanƙwasasshiyar allura da zaren foliyesta, ya goga masa kakin zuma, ya gyara tabarau, ya riƙa tsinkar nailan ɗin da ɗan abin da ke ƙarƙashinsa, tazarar kowane ɗinki daidai da ta ɗan'uwansa, ba ya ja da ƙarfi kada zaren ya yanki robar. Da na juya rigar na ɗaga ta ga fitila, ko huji ɗaya ban gani ba. Ni da kaina ba zan iya yin rabin wannan ba. Na bi bayan ɗinkin da siririn gam, na shimfiɗe ta a kan tebur, ba za a taɓa ta ba sai gobe war haka.

Akwai riga ta biyu da na kawo, amma da na matsa ta sai na ga robar ba ta dawowa. A zurfin mita 10 nauyin da ke kan mai nutso ninki biyu ne na saman ruwa, kumfar tana matsewa duk lokacin da aka sauka, kuma a kwana a tashi sai ta mutu, rigar ta zama fallen roba marar ɗumi. Wannan babu gam ɗin da zai gyara shi. Na yayyanka wuraren da ke da sauran kauri domin faci, Kawu kuma ya ɗebi guda huɗu ya ce zai sa a ƙarƙashin ƙafafun kekensa, ko maƙwabta sa huta da ƙara.