Bazara a Maradi, damina a Kwatano

Nan Maradi, watan Afrilu zafi kan zarce digiri 40, ruwan randa ma sai ka ce an ɗora shi a wuta. Ina zaune ƙarƙashin dogon yaro da mafici, sai ƙanena ya kira daga Kwatano, birnin bakin teku na ƙasar Benin.

"Yaya, ruwa ya hana mu lodi, unguwa duk ta cika."

Dariya na yi. Can bakin teku damina ta riga ta sauka. Ya ce hadari ya taso daga teku da hantsi, masunta suka janye kwale-kwalensu kan rairayi, jirgin saman da ubangidansa zai hau zuwa Yamai ma aka jinkirta shi.

Atamfofina dai na cikin sito can Kwatano, Allah sa rufin bai yoyo.