Ranar da muka tono gindin sito

Asabar. Sanyin Jos bai sake mu da wuri ba, sai da hantsi ya dubi ludayi sannan leburori biyu suka iso da diga da shebur da baro. A bakina aikin ba wuya: bayan gidanmu gangare ne, a yanke tudun, a tura ƙasar can ƙasa, wuri ya daidaita, maman yara ta samu inda za ta shuka latas da alayyahu ba tare da ruwa ya wanke mata taki duk damina ba. Jiya na auna da tiyo mai ruwa a ciki, tsakanin katangar sama da ta ƙasa akwai bambancin wajen mita ɗaya da rabi. Garin da har unguwa yake da ita mai suna Gangare, wannan ba abin mamaki ba ne.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne siton da marigayi mahaifina ya gina a saman tudun. Wajen sha ɗaya babban leburan ya dakata, ya kira ni. Ramin bai kai gwiwa ba amma ga ƙarshen fandisho a fili: layi biyu na bulo a kan ɗan kankaren da kaurinsa bai wuce yatsu huɗu ba. Ni kuwa ina so a ƙara sauka da kusan santimita 70. Na ce su ci gaba, ai jar ƙasar nan dutse ce. Yaron ya dube ni ya ce shi dai ba da hannunsa ba. Raina ya ɓaci a lokacin, yanzu kuwa da nake rubutun nan ina ganin ya cancanci ƙarin kuɗin shayi.

Bayan azahar na ɗauko tsohon maginin unguwarmu a babur. Ya tsuguna, ya gutsuro ƙasar, ya zuba mata ruwan buta, ta narke a tafinsa.

"Ka ga dutsen naka, ɗana? Rani ne ke yi maka ƙarya. Bari ruwan Agusta ya same ta."

Ya ce nauyin gini ba a miƙe kawai yake sauka ba, bazuwa yake yi ta gefe yana gangarawa, don haka ƙasar da ke jikin fandisho ma tana cikin masu ɗaukar kaya. Ka kwashe ta, bango ya fara neman inda zai jingina.

"To Baba, mu rushe siton ke nan?"

"Wa ya ce? Takalmi za mu sa masa."

Da gawayi ya raba bangon da ke fuskantar lambun gida huɗu, mita ɗaɗɗaya. Za a haƙa ƙarƙashin na farko kaɗai, har ƙasa da sabon matakin lambun, a zuba kankare, buhun siminti ɗaya da kwanon sarki huɗu na yashi da takwas na tsakuwa. Ba za a cika shi har sama ba. Za a bar ɗan gibi, in ya kama washegari a cusa kwaɓin siminti mai ƙarancin ruwa, a daddanna shi da katako da guduma har ya manne da tsohon fandisho. Daga nan a tsallake zuwa na uku, sai na biyu, sai na huɗu. Gida biyu da ke maƙwabtaka ba a buɗe su tare, kuma kowanne sai an yi ta ba shi ruwa har mako.

Na yi ta jan ciniki, don na ga kwana uku sun zama wata guda. Maman yara ce ta kashe maganar daga bakin kicin, ta ce wai dole ne lambun ya zama shimfiɗa ɗaya kamar filin ƙwallo? Muka tsaya a kan mataki biyu, da gajeriyar katanga ta bulo mai inci tara a tsakani, a cika ramukan bulon da kankare da rodi, a jera tsakuwa a bayanta, a saka gutsattsarin fayif a gindi don ruwa ya riƙa fita. Da haka abin da za a yanke kusa da siton ya ragu da rabi. Cikon ƙasan kuma ba jibga shi za a yi ba, santimita 15 a yayyafa ruwa a daɓe, sannan a ƙara.

Baba ya kuma sa ni leƙa gidan maƙwabcinmu na ƙasa, in gaya masa inda magudanar za ta bi kafin ya ji a wajen wani. Tun ambaliyar unguwar Rikkos ta 2012 ba mai wasa da maganar ruwa a nan. Ya karɓe ni da kyau, sai dai yana so a yi awon a gabansa.

Kafin magariba muka mayar da ƙasar ramin muka daɓe, muka janye buhunan masara daga jikin bangon. A nan na ga wata siririyar tsaga a bayan buhunan, daga kusurwar taga zuwa ƙasa. Ko ta yau ce ko ta shekaru, ba wanda ya iya cewa. Baba ya shafa mata ɗan siminti a tsakiya ya ce in ya tsage, bangon yana motsi. Na leƙa da tocila bayan isha'i, yana nan lafiya. Zan sake dubawa in na dawo daga asuba.