Abin da yunwa ke sa ɗan tsako ya yi da launi

A bayan gidanmu a unguwar Mabera ta Sakkwato akwai gindin tumfafiya, kuma da damina ƙananan fari masu zanen ɗorawa da baƙi sukan cika ganyenta. Innata tana kiwon kaji a wurin, ni kuwa na daɗe ina lura da yadda 'yan tsaki ke mu'amala da waɗannan fari. Ɗan tsakon da ya ci tsaki da dusa tun da safe yakan sari farar sau ɗaya, ya girgiza kai, ya goga baki a ƙasa, daga nan ko ta bi ta gabansa sai ya kauce mata. Ranar da aka makara ba a zuba musu abinci ba, sai in ga wanda ya guje ta jiya ya sake kai mata sara. Da na yi wa Inna magana, cewa ta yi yunwa ce ta rufe masa ido.

Ni ban yarda idon ne ya rufe ba. Tsuntsu ya fi mu ganin launi, domin ƙwayoyin da ke rarrabe launi a idonsa iri 4 ne, namu kuwa 3, kuma ɗan tsako na kwana ɗaya ma yana iya riƙe launin abin da ya yi masa ɗaci daga ɗanɗano guda. A wani bincike da aka wallafa a 2007, masana a Jami'ar Newcastle ta Ingila sun ba wasu tsuntsayen daji tsutsotsin da aka sa wa kwinin, wani magani mai ɗaci, tare da launin da ke nuna masu ɗacin. Tsuntsayen sun koyi alamar, amma da aka rage musu abinci jikinsu ya faɗa, sai suka ƙara cin masu ɗacin da saninsu. Manya ne aka gwada, sai dai abin ya yi daidai da abin da nake gani a gindin tumfafiya: ɗan tsakon bai manta ba, cikinsa ne ya rinjayi gargaɗin.

Yunwar da ta ɗore ita ce ta fi damuna. A cikin ƙwayoyin idon tsuntsu akwai ɗigon mai masu launi da ke tace haske, kuma sinadarin da ke ba su launin daga abinci yake zuwa, irin su ɗanyen ganye da masara mai launin ɗorawa. Da bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 kuma babu ko ciyawa a tsakar gida, 'yan tsakinmu dusar gero zalla suke ci. Bana na fara yanka musu ganyen zogale a cikin dusar, Inna kuwa tana ta mitar na ƙarar mata da ganyen kwaɗo.