Ga ƙannena masu koyon aikin ɗakin gwaji: ku tambayi inda ƙafar mara lafiya ta taka

Ƙannena, akwai ƙwayar cutar da ba za ku gan ta da rinin Gram ba, wato rinin da muke shafa wa ƙwayoyin cuta don su fito a madubi, ko da kun kwana a kan madubin gwaji. Sunanta Leptospira. Siririya ce ƙwarai, a murɗe, bakinta a lanƙwashe kamar ƙugiya, sai da madubi mai duhun fage ake hango ta tana juyi. Tun 1886 likita Adolf Weil ya bayyana ciwon da take haddasawa a Jamus, amma sai 1915 masu bincike Inada da Ido suka ware ƙwayar a Japan.

Ina sabon shiga aiki a Sakkwato, wata damina aka kawo jinin wani manomin shinkafa daga fadamar Rima. Masassara, ciwon kai, idanu jajur ba kwantsa, sha-raɓa na ciwo har ba ya son a taɓa. Gwajin maleriya bai nuna komai ba. Widal, gwajin taifod, ya ɗan motsa, na rubuta taifod na tashi. Bayan kwanaki ya dawo da ciwon shawara, fitsari ya ragu, ƙoda ta fara gazawa. Allah ya sa likita ya yi zargin cutar Leptospira, ya ba shi fenisilin, ya tashi.

Ban tambayi sana'arsa ba, nan na faɗi. Ƙwayar tana zaune a ƙodar ɓera da shanu da karnuka, tana fita da fitsarinsu. Rana da bushewa na kashe ta, amma a laka da ruwan kwance takan yi makonni. Mai faso a ƙafa ya shiga, ta samu ƙofa. Haka ido da baki. Manomin fadama, mahauci a kwata, yaro mai wanka a kududdufi, duk a hanyarta suke.

Lokacin ɗibar samfur ma na raina shi. A makon farko ƙwayar tana cikin jini, PCR, gwajin da ke neman ƙwayar halittarta, zai kama ta. Daga baya take komawa fitsari. Gwajin garkuwar jiki kuwa, irin wanda ake kira MAT, yakan fito babu komai a kwanakin farko, sai an sake ɗiba bayan mako ɗaya ko biyu. Shuka ta a EMJH, abincin da ake rainon ƙwayar a ciki, aikin haƙuri ne, makonni take ɗauka, mara lafiya ba zai jira ba.

Don haka in takarda ta zo da masassarar damina, maleriya babu, ku taka ku sami likita, ku tambayi ranar da ciwon ya fara da inda mutumin yake aiki. Kuma fitsarin nan, kar ku taɓa shi sai da safar hannu.