Talata, ranar da faifan ya iso

Ya iso dai! Wajen sha ɗaya na safe mai kawo saƙo ya jingina kwalin a bakin ƙofa, ni kuwa ko shayina ban ƙarasa ba na fita ba takalmi. Sati uku ina jira. Kundin Love Is Dead ne na The Mr. T Experience, ƙungiyar kiɗan pank ta garin Berkeley a Amurka, sabon bugun faifan garmaho da kamfanin Sounds Radical suka sake fitarwa. Maman Sadiq ta ga yadda nake yanka selotef a hankali, ta ce Allah ya sanya alheri, ta koma kicin.

Na goge allura, na ɗora. Wannan ɗan ƙas-ƙas ɗin da ake ji kafin kiɗa ya tashi, sai jita ta faɗo. Su uku ne kacal lokacin da kundin ya fito a 1996: Dr. Frank da jita da waƙa, Joel Reader da bas, Jym a kan ganguna. Kwafin da nake da shi na CD ne, na hannu, na saye shi a wani shago a titin Telegraph na Berkeley a 1998, shekarar da ban san kowa a garin nan ba. Ya karce har waƙa biyu ba sa wucewa. Yau na ji su tiryan-tiryan, kuma na ji bas ɗin a fili, abin da ɗan rediyona na wancan lokacin yake haɗiyewa.

Azahar. Shinkafa da wake. Kiran Yaya Hadiza, minti arba'in a kan maganar rufin gida.

Da la'asar Sadiq ya dawo daga makaranta ya tarar na maimaita fuskar farko. Ya tsaya da jaka a kafaɗa, ya saurara kamar rabin minti.

"Baba, waɗannan ai Green Day suke kwaikwaya."

Na ce masa zo zauna. Na ce wannan ƙungiyar a Berkeley aka kafa ta a 1985, kundinsu na farko ya fito a 1986, lokacin su Billie Joe, mawaƙin Green Day, ba su gama sakandare ba. Zauren kiɗa ɗaya suka riƙa wasa a cikinsa da Green Day, na lamba 924 a titin Gilman, wanda muke wucewa ta kusa da shi in za mu gidan su Kawu Bala. Kamfani ɗaya ya riƙa buga su, Lookout. Sai a 1994 Green Day suka fitar da kundin Dookie a ƙarƙashin babban kamfanin Reprise, ya sayu fiye da kwafi miliyan 10 a Amurka kaɗai, duniya ta ɗauka daga kansu aka fara kiɗan pank mai amshi a wannan yanki. Muryata ta ɗan hau, na ji da kaina.

Bai yi musu ba. Ya ce, "To Baba, in sun riga su, kuma sun iya haka, me ya sa ba wanda ya san su?"

Na ce ni na san su. Ya ce, "Ban da kai." Ya ɗauki lemo a firji ya shige ɗaki.

Ba da rashin kunya ya faɗa ba, tambaya ce tsakani da Allah, shi ya sa ta zauna min a ƙirji har magariba. Na sallame salla ina nan zaune a kan darduma ina juya ta.

Abin da nake gani shi ne, Dr. Frank marubuci ne kafin ya zama makaɗi. Waƙoƙinsa minti biyu zuwa uku ne, amma cike suke da magana, kalma na bin kalma, ƙafiya na faɗowa inda ba ka zata ba, ana maganar zuciyar da ta karye cikin kiɗan da ke sa ka kaɗa ƙafa. Sai ka kasa kunne kake samun daɗin. Ni da su na koyi rabin Turancin da ba a koyarwa a aji, ina tsayar da waƙa ina buɗe ƙamus. Gidan rediyo kuwa abin da za a kama a ji ɗaya yake so. Ga shi sun zauna a ƙaramin kamfani, kamfanin kuma ya rufe a 2012, kundayen suka zama sai an tona. Shi kansa mutumin, da yawa sun fi saninsa da sunan Frank Portman, saboda littafin matasa da ya fitar a 2006. Shekaru ya yi yana bin sawun tef-tef na asali kafin a iya sake buga irin wannan faifan da ke gabana. Mutum ya rubuta abu da hannunsa, sannan ya dawo yana cigiyarsa.

Abin da ya fi ci min rai, yaron da aka haifa tafiyar minti ashirin daga Gilman ya ji su, kunnensa ya ce masa kwafi ne. Kuma ba laifinsa ba ne. Shekara goma sha shida yana gidan nan, sau nawa na zaunar da shi na kunna masa? A mota nake jin su ni kaɗai, in ya shigo in rage murya in mai da labarai.

Bayan isha na ƙwanƙwasa masa. Na ce ranar Asabar in ba shi da ƙwallo, mu ji fuska ta biyu tare, da takardar baitocin a hannu. Ya ce yana da ƙwallo da safe, sai dai da yamma. Na ce da yamman.

Na mai da faifan cikin rigarsa, na tsayar da shi a kanta, nesa da hita. Gobe canjin man mota ƙarfe takwas, kuma har yanzu ban tura wa Yaya kuɗin kwano ba.