Lissafin minti 90 da shaddar da ta salwanta a goman ƙarshe

Duk telan da ya taɓa karɓar ɗinkin sallah ya san cewa a goman ƙarshe na azumi ba a samun barci sai na sata, ko dai tsakanin asham da sahur, ko kuma bayan azahar idan masu zuwa duba kayansu sun ɗan lafa. A bana wani abokina ma'aikacin jinya ya ba ni shawarar in riƙa auna barcina da minti 90, domin barci zagaye-zagaye ne, kowane zagaye kimanin minti 90, mutum yana farawa da marar nauyi, ya nutsa cikin mai nauyi, sannan ya taso zuwa matakin mafarki, kuma wanda ya farka a ƙarshen zagaye yana tashi garau. Maganarsa tana da tushe. Tun a 1953 Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman na Jami'ar Shikago a Amurka suka gano matakin barcin da idanu ke motsi da sauri a ƙarƙashin fatarsu, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna cewa baligi yana yin zagaye 4 zuwa 6 a dare guda.

Na bi shawarar, kuma da farko ta yi mini amfani. Abin da ba a faɗa mini ba, wanda har yanzu yake ci mini rai, shi ne minti 90 matsakaici ne kawai. Zagaye ɗaya yana iya ɗaukar minti 70, yana iya kaiwa 120, kuma wanda bashin barci ya taru a kansa yakan faɗa cikin mai nauyin da wuri, ya kuma daɗe a ciki. Ƙararrawar waya ba ta san wannan ba, lokacin da aka saita mata kawai take bi.

A wani dare ana saura kwana kaɗan sallah, ƙararrawar ta tashe ni daga can ƙasan barci. Na ji ta, na miƙe, na wanke fuska, na shimfiɗa shaddar wani dattijo da ya daɗe yana kawo mini ɗinki, ina ganin na wartsake. Idona a buɗe yake, hannuna yana riƙe da tef da alli kamar kullum, amma lambar da na karanta a littafin awo ta layin ƙasa ce, ta wani mutum dabam wanda bai kai shi tsawo ba. Almakashi ya riga ya ratsa yadin kafin kaina ya dawo daidai. Shadda kuwa idan an yanke ta gajere babu dabarar da za ta ƙara mata tsawo. Da safe na kira shi na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, zan sayo wata irinta." Bai ɗaga murya ba, amma kuɗinta ya cinye ribar ɗinki da yawa.

Masana barci sun yi nazarin wannan magagin sosai: yakan ɗauki minti 15 zuwa 30, wani lokaci ya zarce haka idan daga barci mai nauyi aka tashi mutum, kuma haɗarinsa shi ne mai shi ba ya jin cewa tunaninsa ya ragu. Wannan ne ya fi ba ni tsoro, domin da na ji nauyin kai a daren nan da ban taɓa almakashi ba.

Yanzu ƙailulata ba ta wuce minti 20, ina tashi kafin in nutsa, kuma abin mamaki ta fi ta awa guda wartsakar da ni. Idan barcin dare ne, ba na ƙirga mintoci kuma, sai dai na kafa doka a shagon wadda ta hau kaina da yarana duka: wanda ya tashi daga barci ba zai yi awo ko yanka ba sai bayan rabin awa. Ya yi guga, ya sa maɓalli, ya share zare, amma littafin awo da almakashi suna cikin aljihun tebur har lokacin ya cika.