Inna ta ce a sayo masara kafin zaɓe

Shekaranjiya da daddare na je gaida Inna, ina cikin cin tuwo kenan sai ta ce, kai ɗan nan (ni ne ɗan fari, har yau ba ta taɓa kiran sunana ba) wai yaushe ne ma zaɓen nan naku? Na ce Inna ai da saura, na 2027 ne fa. Ta ce to ka dai sa a ranka, tun yanzu da masara ke da ɗan sauƙi a sayo buhu biyu a ajiye, da gishiri da manja da ashana, kar sai abu ya zo a fara gudun kasuwa. Na yi dariya na ce haba Inna, yaƙi za a yi ne? Ko murmushi ba ta yi ba, ta ce kai dai ka sayo.

Inna ba ta da jam'iyya, ba ta san sunan shugaban INEC ba kuma ba ruwanta, amma in ka ce mata zaɓe abin da take ji a kunnenta shi ne dokar hana fita. Kuma wallahi ban ga laifinta ba, don ni ma da nake mata dariyar na san daga ina abin ya samo asali.

A 2011 ina yaron shago wajen Kawu a Kasuwar Barci nan Tudun Wadar Kaduna, gwanjo muke sayarwa. An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar Asabar 16 ga Afrilu, ni kuma lokacin jinina na tafasa, ina cikin masu ihun a kasa a tsare a raka, mun kwana a rumfar zaɓe har aka ƙirga, kuma a akwatinmu in ka ga ƙuri'ar da ba ta CPC, jam'iyyar Buhari a lokacin, ba to sai ka yi ta nema. Shi ya sa a ƙwaƙwalwata ba ta yadda za a yi Buhari ya faɗi, ai duk wanda na sani shi ya yi, mai shayi shi ya yi, liman shi ya yi, har mai kitson Inna. Ban taɓa zama na yi tunanin cewa akwai wani yaro kamata a Yenagoa, can jihar Jonathan, da shi ma duk wanda ya sani Jonathan ya yi ba. Da sakamako ya fara fitowa, daga ƙarshe aka ce Jonathan miliyan 22 da ɗoriya Buhari miliyan 12 da ɗoriya, kawai sai muka ce sata ce.

Ranar Litinin da sassafe wani ɗan Ibo da ke kawo wa Kawu dila daga Aba ya shigo kasuwa karɓar cikon kuɗinsa, a Sabon Tasha yake zaune, wato can ƙetaren gada. Duk ɗan Kaduna ya san abin da ƙetaren gada ke nufi tun rikicin 2000, garin ya rabu biyu, mu nan arewacin kogi su can kudanci. Ba a yi awa ɗaya da zuwansa ba muka hango hayaƙi, aka fara rufe shaguna garam garam, yara na gudu da gorori. Kawu ya kalle shi ya ce Oga ba inda za ka. Ya zaro wata tsohuwar babbar riga daga cikin kayan da muke sayarwa ya zura masa, ya cire hular kansa ya ɗora masa, hular ta yi masa kaɗan ta tsaya can ƙoƙon kai kamar murfin kwano, da a ce wata rana ce da mun sha dariya. Muka sa shi a tsakiya muka bi ta lungu har gida, Kawu na ce masa kar ka yi magana ko an yi maka sallama, ni zan amsa.

Kwana uku ya yi a ɗakina. Gwamna Yakowa ya sa dokar hana fita ta awa 24, ba shiga ba fita, sojoji a bakin titi. Matarsa na kira tana kuka har katinsa ya ƙare nawa ma ya ƙare, ba wajen sayen wani. A rana ta biyu garin tuwo ya ƙare a gidan, mu goma sha ɗaya ga baƙo, Inna ta jiƙa garin kwaki ba suga ba ƙuli, ta aiko masa da nasa a kwano mai murfi tana ba da haƙuri kamar ita ta jawo. To daga ranar ce Inna ta fara lissafin buhu, kuma ba ta daina ba.

Sai da ƙura ta lafa muka san girman abin. Human Rights Watch ta ce sama da mutum 800 aka kashe a jihohi 12 na arewa cikin kwana uku, dubbai suka rasa matsuguni. An ƙona coci-coci da shaguna a garuruwanmu, an ƙona gidajen 'yan PDP, an kashe masu bautar ƙasa a Bauchi, yaran mutane da aka turo aikin zaɓe kawai. A Zonkwa da Kafanchan kuma aka juya kan Musulmi aka yi musu kisan da har yau in aka tuna sai jiki ya yi sanyi. Na raka Inna sansanin alhazai na Mando kai tsofaffin kaya, inda aka zuba waɗanda suka tsira daga Zonkwa, mata ne da yara kusan duka, wata tsohuwa ta riƙe hannun Inna tana lissafa mazan gidansu da yatsu. Ba wanda ya tambaye ta wa ta zaɓa, ina jin ma ba ta yi zaɓen ba. Aka kafa kwamitin Sheikh Ahmed Lemu ya yi bincike ya miƙa rahoto, rayuwa ta ci gaba.

Shi ya sa da 2015 ta zo kowa ya sha jinin jikinsa. Oga ya kwashe iyalinsa ya tura ƙauye tun watan Janairu, 'yan uwanmu da ke Fatakwal da Anacha su ma suka dinga dawowa a bayan tirela da katifu da buhuna. Aka sa 'yan takara suka rattaba hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Abuja gaban Kofi Annan, sannan kwatsam aka ɗage zaɓen daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris wai saboda Boko Haram, mu dai a majalisarmu ba wanda ya yarda, kowa cewa yake ba za su ba da ba. Ranar Talata 31 ga Maris muna cunkushe wajen mai shayi an tada janareto ana kallon tattara sakamako, sai ga Orubebe, wakilin PDP, ya karɓe makirfo yana ta ihu yana cewa Jega, shugaban INEC na lokacin, ya nuna son kai, ya zauna a gaban dandamali ya ƙi tashi. Wallahi a lokacin cikina ya ɗuri ruwa, na ce shikenan an fara. Wani dattijo kusa da ni har ya miƙe yana neman takalminsa zai je ya kwaso yaransa daga islamiyya. Jega kuwa ko gezau, ya bar shi ya gama, ya ba shi amsa a sanyaye kamar malami da ɗalibi, aka ci gaba da karanto jihohi.

Da yamma sai labari ya ɓulla wai Jonathan ya kira Buhari a waya ya taya shi murna, tun ba a gama sanarwa ba. Da farko mun ɗauka ƙarya ce irin ta Facebook. Da ta tabbata, abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda dattijon nan ya koma ya zauna ya ce a ƙaro masa shayi. Buhari miliyan 15.4, Jonathan miliyan 12.8, karon farko a tarihin ƙasar nan da shugaba mai ci ya faɗi zaɓe ya kuma miƙa. Ni da na zage shi shekara huɗu ina gaya muku mutumin nan ya yi mana abin da ba za mu iya biya ba.

Amma fa nan ne tsorona yake, kuma shi ne abin da ya hana ni barci bayan na baro gidan Inna. Kiran waya ɗaya ne ya raba mu da wata 2011 ɗin. Mutum ɗaya, a ɗaki ɗaya, da waya a hannu, ga mutane kewaye da shi da na tabbata da yawansu ba haka suka so ba. Da a ce ranar ya tashi da wani tunanin fa? Ai mun ga Yahya Jammeh a Gambiya, Disambar 2016 ya kira Adama Barrow gaban kyamara yana dariya ya ce ya amince, bayan mako guda ya ce ya fasa, sai da ECOWAS ta jibge sojoji a kan iyaka sannan ya hau jirgi ya tafi Equatorial Guinea a Janairun 2017. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ace zaman lafiyarta ya rataya ga halin mutum ɗaya da yadda ya kwana, wannan ai rataya ce da zaren gizo.

Kuma tun daga nan me muka gina? Ku tambayi Kanawa inkonkulusib ɗin 2019, a zaɓen gwamna Abba Kabir Yusuf na gaba da ƙuri'a dubu ashirin da wani abu aka ce zaɓe bai kammala ba, aka koma mazaɓar Gama ranar 23 ga Maris, duk wanda ya ga bidiyon 'yan daba na ranar ya san abin da ya gani, Ganduje ya ci da ratar da ba ta kai dubu tara ba. A 2023 aka yi mana alkawarin BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, da IReV, shafin ɗora sakamako, za ka ga takardar rumfarka a waya tun kafin ka isa gida, ranar 25 ga Fabrairu na 'yan majalisa na hawa na shugaban ƙasa ya ƙi hawa, aka ce matsalar na'ura ce, aka sanar da Tinubu da asubar fari ranar 1 ga Maris mutane na barci. A Adamawa kwamishinan zaɓe da kansa ya zo ya ayyana Binani a matsayin wadda ta ci gwamna ana tsakiyar tattara sakamako, INEC ta ce ba da yawunta ba. Sai kotu kuma, Abba ya ci gwamnan Kano a wannan karon amma kotun zaɓe ta cire shi a Satumbar 2023 ta Zoom ma aka karanta hukuncin, aka zabge masa ƙuri'a 165,663, aka sa dokar hana fita a Kano, kotun ɗaukaka ƙara ta bi sahu, sai 12 ga Janairun 2024 kotun ƙoli ta mayar masa. Wata huɗu jiha guda na zaune kan ƙaya. Ni ba ɗan Kwankwasiyya ba ne ba ɗan Gandujiyya ba, abin da nake cewa shi ne talaka ya daina sanin wa ke naɗa gwamna, shi da ya sha rana a layi ne ko alƙalai a Abuja.

Kuma tsarin kansa kamar an yi shi ne don a ƙi yarda da kaye. Fam ɗin takarar shugaban ƙasa a APC naira miliyan 100 aka sayar a 2022, PDP miliyan 40, fam kawai fa, ba a zo ga daliget ba ba a zo ga taliya da atamfa ba. Wanda ya zuba wannan, kuma ya san in ya faɗi kwangila ta tsaya, yaransa sun watse, wataƙila EFCC ta fara tuna lambarsa, ka ce masa ya ɗauki waya ya taya wani murna? Sannan kamar yadda aka yi a 2023, a rantsar da mutum 29 ga Mayu shari'a kuma sai 26 ga Oktoba ta ƙare, yana kan kujera da jiniya da baitulmali ana wai duba ko ya ci. A Kenya kwana 14 kotun ƙoli ke da shi, kuma a 2017 ta soke zaɓen Uhuru Kenyatta yana kan mulki. Ghana nan kusa, Disambar 2024, Bawumia, ɗan takarar jam'iyya mai mulki, ya fito da safe washegarin zaɓe ya ce Mahama ya ci tun hukumar zaɓe ba ta yi magana ba, abokina da ke Kumasi ya ce ko shago bai rufe ba.

Wani abin da ke ƙara dagula min lissafi Nijar ce. Afrilun 2021 Issoufou ya miƙa wa Bazoum, karon farko da zaɓaɓɓe ya miƙa wa zaɓaɓɓe a ƙasar, muka ce maƙwabta sun haye. 26 ga Yulin 2023 masu gadin Bazoum suka rufe shi a gida. Kuma abin da na gani da idona a nan shi ne samarin unguwarmu na tafi, suna raba bidiyon Tiani, sojan da ya karɓe mulkin, a WhatsApp, a zanga-zangar Agustan 2024 har da masu ɗaga tutar Rasha suna kiran soja. Yaran da aka haifa bayan 1999 ne, ba su san Abacha ba sai a hoto, ba su san an taɓa soke zaɓen 12 ga Yunin 1993 wanda ya ci ya mutu a tsare ba. In ka yi musu magana su ce Yaya to zaɓen me ya tsinana mana? Mutum miliyan 93 suka yi rajista a 2023, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Ni a 2011 haukar da na yi ta wanda ya yarda ƙuri'arsa na da daraja ce har yake ganin an sace masa. Su waɗannan ko satar ba ta dame su ba, kuma ban san wanne ya fi ban tsoro ba, ina jin nasu.

Jiya na kira Oga, har yanzu muna ciniki, ya tsufa ya yi furfura Hausarsa ta fi ta wasu 'yan Barnawa. Muka gama maganar dila sai na ce Oga ya batun zaɓe, ya yi dariya ya ce Madam ta riga ta yanke hukunci, in suka tafi Kirsimeti ita da jikoki ba za su dawo ba sai an rantsar. Ya ce shi dai zai zauna saboda kaya, amma in ce wa Alaji, wato Kawu, ya ajiye masa hular nan, ya sa a ɗan buɗa ta.

Na tura wa wani mutumina na Saminaka kuɗin buhu biyu da safen nan, ya ce mota za ta shigo ran Juma'a. Da na gaya wa Inna cewa ta yi a ɗora su kan katako kar sanyin ƙasa ya taɓa, a sa maganin ƙwari, kuma manjan jarka za a sayo ba kwalba ba.